Aron Ƙafar Durgu

Dalilin da ya sa kaza durgu take da gajerun ƙafafu, take kuma bin yara a tsakar gida ba ta gudunsu, yau za ku ji shi, in kun bar ni na faɗa. Kai Shekarau, sauko daga kan turmin nan. Ladidi, saki wutsiyar akuya, ba ta ci miki komai ba. Ku da ba ku iya zama wuri ɗaya, labarin ma naku ne.

A da can, kaji duk dogayen ƙafafu gare su kamar zalɓe. Kafin ka ce kur, kaza ta tsallake danga ta faɗa gonar maƙwabta. Mai son yanka guda sai ya tara samarin unguwa, su sha gudu, wani lokaci ma a kwana da miyar kuka lami.

To, a wannan zamani akwai wata mata a wani ƙauye, sunanta Delu, mijinta Jatau manomi ne. Ɗansu guda, Nomau. Sa'o'insa duk an yaye su suna ta guje-guje a ƙofar gida, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Ga ƙiba, ga dariya, ga cin tuwo, amma ƙafa ta ƙi. In an miƙar da shi ana yi masa ta-ta-ta, sai gwiwa ta lanƙwashe ya koma ƙasa daɓas.

Abin nan ya hana Delu sakat. Ga shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa a gaban mutane. Sai ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta rasa abin da ya kai ta. In mata a bakin rijiya suka ce, "Har yanzu ɗan naki bai tashi ba?" sai ta ce, "Oho masa," alhali tsoro ne fal a cikinta kada yaron ya tabbata a zaune.

Uwar mijinta ce ta kawo shawara. Ta ce, "Ku ba shi kaza tasa ta kansa. Yaro in ya ga abinsa yana tafiya, zai tashi ya bi. Amma a zaɓo mai haƙuri, don ba kowace kaza ke zama da yaro ba."

Jatau ya ji farkon maganar, bai ji ƙarshenta ba. Ya tafi kasuwa ya dawo da wani ƙosasshen jan zakara, yana cewa, "Ki dubi ƙirji, ki dubi wuya." Ana kwance shi, yaro ya miƙa hannu, zakara ya kai masa sara a goshi, saura ƙiris ido. Ranar dai an ci nama a gidan. Kasuwa ta zagayo ya kawo fingi, mai gashin nan a tashe kamar wadda guguwa ta yar. Ita ba ta faɗa, amma Nomau na ganinta ya tsala ihu har ya shiɗe. Da aka kawo wata fara siririya kuwa, ko tsaba ba ta tsaya ci ba ta haye danga, ba a sake ganinta ba.

Jatau ya ce, "Ni na gaji. A bar wa Allah."

Delu ta ce, "Allah muke bar wa, Malam." Amma ba ta iya zama ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share, har shara ta kai ta bayan rumbu.

Nan ta tarar da wata kaza wake-wake da ta fi duk kajin gidan tsawon ƙafa. Tana kan ƙwai, ta durƙusa, ta miƙe, ta zagaya rumbu, ta dawo ta durƙusa, ta sake miƙewa. A lokacin dabba na magana da duk wanda ya tsaya ya saurare ta.

Delu ta ce, "Ke kuma me ke damunki?"

Kaza ta ce, "Ƙafafun nan ne, uwar ɗakina. Tun da nake ban taɓa ƙyanƙyasa ba. Ina kwantawa sai su ce tashi, kafin in dawo ƙwai ya huce."

Delu ta taɓa ƙwan, ta ji sanyi ƙalau. Sai ta ce, "Ke kin kasa zama, yaron nan nawa ya kasa tashi. Ara masa ƙafafun mana."

Kaza ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya, irin kallon nasu. Ta ce, "Aro dai, ba kyauta ba. Zan sare shi sau ɗaya a diddige, tsawon ƙafata ya koma jikinsa. In na ƙyanƙyashe, ran da na same shi zaune, zan sake sara in karɓi abina."

Delu ba ta tsaya tunanin gobe ba, ta ce ta yarda.

Ta kawo yaro, kaza ta sare shi a diddige. Nan take kaza ta yi ƙasa har cikinta na shafar turɓaya. Nomau kuwa ya dafa rumbu ya miƙe, ya yi taku, ya ƙara, sai gudu. To fa, ƙafar aro ce, ta zo da halin mai ita. Ya kifar da tulu, ya bi awaki, ya hau turmi kamar wani da na sani. Tuwo ma a tsaye yake cinsa. Ba ya kwanciya sai magariba ta yi, lokacin kuma kaza ta shiga akurki, ba ta gani.

Kaza ta yi kwanci lafiya, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki rututu. Daga nan ta fara bin Nomau, tinƙis-tinƙis, tana jiran ya zauna. Hankalin Delu ya sake tashi. Tana daka tana waiwaye, tana tankaɗe tana waiwaye. Ta yi tunanin ta ce a yanka kazar a huta, amma kunya ta hana ta cin amanar wadda ta taimake ta.

Wata rana da hantsi shirwa ta kawo sura. Kaza ta yunƙura ta kare 'ya'yanta, ƙafa babu. Sai ga Nomau a guje da kara a hannu yana ihu, ya kai wa shirwa duka, ta saki ɗan tsakon da ta ɗauka ta yi sama. Garin haka ya taka ƙaya, ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka, diddige a waje.

Kaza ta nufo shi. Delu na tsaye da taɓarya a hannu, amma alkawari alkawari ne. Ta ajiye taɓaryar ta rufe ido. Ta ji saran, ƙwas.

Da ta buɗe ido, sai ta ga ƙaya a bakin kaza. Nomau ya zabura ya ci gaba da gudunsa.

Delu ta ce, "Ba ki karɓa ba?"

Kaza ta tofar da ƙayar ta ce, "Na ga suna yi mini aiki a inda suke. A bar su sai gobe."

Goben nan ce ba ta zo ba. Shi ya sa har yau durgu take gajera, kuma in za a sayo wa yaro kaza, masu hankali ita suke nema, su bar jan zakara a kasuwa. Ba ta saranku, ba ta gudunku, tana dai biye da ku tana duba lafiyar kayanta. Ku kuwa shi ya sa ba ku zama, ƙafar kaza ce a jikinku. Ga ta can ta fito daga bayan rumbu, Shekarau. Tashi ka ɗebo mata tsaba, ka gode mata.