Bangon da Mahfuz Ya Rushe

Akwai wani dillalin citta a Kafanchan mai suna Mahfuz. Bafulatani ne, a ruga aka haife shi can gefen Jere, amma tun yana saurayi ya ajiye sanda ya kama awo. Allah kuwa ya sa wa neman nasa albarka. Mutum ne mai kyauta, wannan kam ba zan rage masa ba. Halinsa ɗaya ne ke ba mutane wahala: duk abin da ya gani a birni, to an gama magana.

Shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Nene. Ciwon suga ya kama ta, likita ya ce dole ta dawo kusa da asibiti, ta riƙa cin abinci a kan lokaci tana shan magani a kan lokaci. Da ƙyar da jiɓin goshi aka shawo kanta ta yarda za ta bar ruga. Saboda ita Mahfuz ya fara gina sabon gida.

Maginin da ya ba aikin sunansa Meshak, mutumin Kagoro, dattijo mai sanyin magana. Shi ya zana gidan. Falon baƙi a gaba, kicin a baya, sai ƙaramin falo a gefe kusa da ɗakin Nene, kowanne da bangonsa da ƙofarsa.

An yi rufi, ana shirin filasta, sai Mahfuz ya je Abuja ya sauka a gidan wani abokinsa. A can ya ga falo da wurin cin abinci da kicin duk a haɗe, ba bango ko ɗaya, kana zaune a kujera kana hango firji. Ai kuwa abin ya tafi da shi. Ko gida bai biya ba da ya dawo, wurin gini ya wuce.

"Meshak, waɗannan bangayen uku duk a rushe su. Fili ɗaya nake so tun daga ƙofa har kicin."

Meshak ya ajiye cokalin gini, ya duba hotunan da ke wayar.

"Oga, rushewa ba wahala, bangon ba ya ɗauke da nauyin rufi. Amma Mama fa? Mama zai ci abinci a ina?"

"A tebur mana, kamar kowa."

"Oga, ka yi haƙuri. Ni na tashi kusa da ruga a gindin dutse. Matan Fulani masu tallan nono a gidanmu suke hutawa. In maman mu Hellen ta ba su tuwo, bayan zana take kai masu. Na san tsohuwar Bafulatana ba zai ci abinci a gaban ɗan fari ba, balle baƙi. Ka bar mata ko bango ɗaya."

Mahfuz ya tuntsire da dariya, ya juya ga lebururi don kowa ya ji.

"Kun ji fa! Ni da aka haifa a ruga, mutumin Kagoro zai koya mini fulatanci. Kai dai ka ce aikin zamani ya fi ƙarfinka. Wannan rarrabe ɗakuna kamar akurkin kaji ƙauyanci ne. Tattara kayanka."

Maganar ta yi wa Meshak ciwo, don shekara talatin yana gini ba a taɓa korarsa a gaban yaransa ba. Ya wanke kayan aikinsa, ya ɗaure a bayan mashin, ya ce, "Allah ya sa a shiga lafiya," ya kama hanyar Kagoro.

Mahfuz ya ɗauko ma'aikata daga Abuja, suka rushe bangayen, suka shimfiɗa tayil mai ƙyalli, suka rataya fitilu. Gaskiya gida ya yi kyau. Ranar buɗewa mutane sai ɗaukar hoto suke, shi kuwa baki har kunne.

Aka kawo Nene. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi wannan fili, ta ga ƙofar ɗakinta tana kallon kujerun baƙi kai tsaye. Ta ja mayafi ta shige.

To ku da kuka san gidan dillali kun san ba ya rabuwa da mutane. Tun da hantsi manoma sun zo cinikin citta, direbobi sun zo jiran lodi, masu neman taimako sun zo gaisuwa. Duk a falo. Matar Mahfuz, Zamzam, da hijabi har ƙasa take soya albasa, maza na zaune suna kallon bayanta, hayaƙin mai na shiga rigunansu.

Ita kuwa Nene sai ta daina fitowa. In an kai mata abinci ɗaki, ɗan nata mai son uwa yakan bar baƙi ya biyo tiren, ya zauna a gefen gado.

"Nene, ci mana in gani."

"Na ƙoshi," in ji ta, fuskarta a bango.

In kuma ya fita, ƙofar ce matsala. Ta rufe, zafi ya dame ta. Ta buɗe, idon baƙi na kanta. Haka za a dawo da abinci an ɗan taɓa gefe, maganin kuwa ba ta fasa sha ba, don likita ya ce kada ta fasa.

Zamzam ta yi magana sau biyu. "Alhaji, Nene fa ba ta cin abinci."

"Baƙunta ce, za ta saba. Ki canza mata miya."

Aka canza miya, aka canza tuwo, aka sayo kindirmo daga ruga. Mako bakwai ana haka, zanin Nene sai ƙara zagaye ta yake. Wata Talata bayan la'asar Zamzam ta shiga ɗaukar kwano ta tarar da ita a ƙasa, gumi ya jiƙa ta, ba ta san inda take ba.

A asibiti aka ceto ta. Likita ya kira Mahfuz gefe ya ce sugan ne ya yi ƙasa sosai, don tana shan magani ciki ba komai. Ya ce da an ƙara awa ɗaya, da wani labarin ake yi. Za su riƙe ta kwana goma.

Washegari ƙanen Nene, Yuguda, ya iso daga ruga. Bai ɗaga murya ba.

"Ta ce in an sallame ta in mai da ita gida. Gara ta mutu a bukkarta da ta zauna a kasuwa."

"Kawu, wace kasuwa? Gida na gina mata!"

"Gidan da ba inda mutum zai ɓoye bakinsa? Kai Mahfuz, tun da aka haife ka, ka taɓa ganin loma ta shiga bakin uwarka?"

Mahfuz ya bi shekarunsa arba'in da biyu ɗaya bayan ɗaya, bai samu rana ko guda ba. A ruga tana da bukkarta, ta ci abinta ta fito ba wanda ya sani, shi ya sa bai taɓa lura ba. Ya zauna a kan bencin asibiti ya yi kuka irin na babba. Ya san in ta koma ruga, tsakaninta da likita tafiya ce mai nisa, kuma ba kullum ake samun mashin ba.

Kashegari da sassafe ya nufi Kagoro. Ya tarar da Meshak a kan tsani yana ɗora bulo a wani gini. A gaban lebururin da ke wurin ya cire hula.

"Baba Meshak, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na gani. Kwana takwas gare ni kafin a tafi da uwata. Ka yafe mini."

Da wani ne da sai ya ja aji. Meshak kuwa saukowa ya yi yana kakkaɓe hannu.

"Oga, ya wuce. Yaya jikin Mama? Mu fara zuwa wurinsa tukuna, shi ne mai ɗaki."

Suka je asibiti, Mahfuz ya tsaya a waje. Meshak ya durƙusa nesa da gado ya gaishe ta, sannan ya ce, "Mama, in mutum zai yi miki wurin zama, yaya kike so?"

Nene ta ɗago ta dube shi. Tun da aka fara ginin nan ba wanda ya tambaye ta.

"Ɗana, ni ba na son kujerun nan masu haɗiye mutum. Ina son inda zan miƙe ƙafa. In ga rana, in ji iska, kada kowa ya gan ni."

Da wannan maganar Meshak ya yi aiki. Bai taɓa tayil ko fitilun Abuja ba, ya ce kuɗi ne aka kashe, kuma suna da kyau. Bango ya mayar.

Ya raba falon baƙi da sauran gida da bulo, ya ba shi ƙofarsa ta waje da bayi da wurin alwala, yadda baƙo zai zo ya tafi bai san ko akwai mata a gidan ba. Don kada duhu ya shiga, ya jera bulon gilashi a can saman bangon, haske na wucewa ido ba ya wucewa. Kicin ya samu bango da ƙofa, hayaƙi ya koma fita ta baya. Tsakanin falon baƙi da na iyali ya sa ƙofar katako mai faifai biyu da ake turawa gefe, ranar suna ko salla a buɗe wuri ya zama ɗaya, a gama a rufe.

Falon Nene kuwa a kansa ya fi ɓata lokaci. Ƙarami ne, amma ya yi masa fenti mai haske ya zama kamar ya fi haka faɗi. Ya fasa taga biyu suna kallon juna don iska ta ratsa, ya fitar da ƙofa zuwa bayan gida inda rana ke haskawa da safe. Ba kujera ko ɗaya, sai dakali mai faɗi da shimfiɗa da matasai. Ya huda gurabe a jikin bango inda za ta jera ƙorenta. Sannan ya yi 'yar ƙaramar taga mai murfi tsakaninta da kicin, daidai shigar tire. Sakata kuwa ta ciki ya sa.

Kwana bakwai ana aiki, Mahfuz da kansa yake miƙa bulo, babbar riga a rataye. Abokansa suka zo suna cewa ya ɓata gida. Ya ce, "Ku dai ku gina naku."

Ranar da aka sallami Nene, ta ce a biya ta ɗauki kayanta kawai. Yuguda ya bar motar da ya ɗauko haya a kunne a ƙofar gida. Zamzam ta riƙo hannunta, maimakon ƙofar gaba sai ta zagaya da ita ta baya.

Nene ta shiga. Ta dubi dakalin, ta dubi ƙorenta a jere a bango, ta ji iska ta taɓa mata fuska. Ta zauna, ta miƙe ƙafa. Zamzam ta fita. Jim kaɗan aka ji ƙarar sakata.

Mazan suna falon baƙi, Mahfuz da Yuguda da Meshak. Zamzam ta zuba tuwon dawa da miyar kuka, ta tura tire ta 'yar tagar, ta ja murfi. Aka yi ta jira. Mahfuz ya tashi ya zauna ya fi sau biyar, Meshak na ce masa, "Oga, zauna. Kada ka je."

Can sai aka ƙwanƙwasa murfin daga ciki. Zamzam ta buɗe. Kwano ya fito fes, an suɗe shi tas. Ta ɗauke shi da gudu, ta tura ƙofar falon baƙi, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, hawaye na zuba tana dariya.

"Alhaji, ta cinye! Wai a ƙara mata miya!"

Mahfuz ya yi kabbara, Meshak ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mun gode wa Ubangiji!" Sai ga su sun rungume juna, siminti da turare suka haɗu.

Yuguda ya zagaya ta baya ya tsaya a jikin taga. "Adda, mota na jira. A fito da kayan?"

Muryar Nene ta fito daga ciki, ƙarfinta ya dawo.

"Kana ƙona wa mutane mai a banza. Ka gaida mutanen ruga, ka ce su zo su ga ɗakina."

Darasi: Gida ba don masu ɗaukar hoto ake gina shi ba, don masu zama a ciki ne. Kafin ka rushe bango saboda ka ga wani ya rushe nasa, tambayi wanda bangon ke rufa wa asiri. Kada kuma girman kai ya sa ka raina shawarar mai sana'a don ba ƙabilarku ɗaya ba ko addininku ɗaya, wataƙila ya fi ka sanin naka. In kuwa kai aka wulakanta a kan gaskiya, yi haƙuri irin na Meshak, za a zo har inda kake a neme ka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gini, ko wata uwar za ta samu inda za ta ci abincinta cikin sirri.