Dama Ɗauka, Hagu Huta

Dalilin da ya sa mai rawa yake jingina nauyinsa nan ya mayar can, ba ya dira da ƙafa biyu lokaci guda, zan faɗa muku yanzu, in za ku bar mutsu-mutsu.

A da can, mutanen Gangaren Tsamiya ba su san rangaji ba. Rawarsu tsalle ce zalla: a haɗe ƙafafu, a yi sama, a diro tim, kamar kwaɗi sun ji ruwan farko. A cikin mata babu kamar Tasalla, ita ce mai buɗe fili a bikin kalankuwa da ake yi bayan girbi. Dokar garin kuwa, mai buɗe fili in ta fita kafin kiɗa ya tsaya, ta sauka daga matsayin ke nan har abada.

Ana gobe biki, Tasalla ta je gona ba takalmi, ƙayar aduwa ta shige mata diddigen hagu. Wanzami ya cire da matsefata, amma kafin safiya ƙafa ta yi suntum. Tsoro ya kama ta, don rawar nan ita ce mutuncinta. Ta lallaɓa gidan Nomau, tsohon makaɗin garin.

"Baba, don Allah ka gajarta mini kiɗan yau."

"In na gajarta kowa zai gane, 'yata," in ji Nomau. "Ke dai shiga, amma ki bar kunnenki a wurina."

Da la'asar fili ya cika. Tasalla ta yi tsalle ɗaya, ta diro, zafi ya harba mata har ƙwaƙwalwa. Ta karkata dama, saura ƙiris ta faɗi. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ta tafi!"

Nan take Nomau ya matse kalangu a hammata, ya sauya kiɗa. Kun dai san kalangu magana yake yi. Abin da ya ce shi ne: "Dama ɗauka, hagu huta. Dama ɗauka, hagu huta."

Tasalla ta gane. Ta ɗora duk nauyinta a ƙafar dama, ta riƙa taɓa ƙasa da yatsun hagu kawai. Ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, ɗingishi ya zauna daidai a kan kiɗa. Jama'a suka ɗauka sabon salo ta ƙirƙiro, aka rangaɗa guɗa.

'Yan mata suka ruga fili su kwaikwaya. Na bayanta suka jingina dama, masu fuskantarta suka jingina hagu, kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya ɓata. Don kada a yi musu dariya, sai suka riƙa yin duka biyun, nan sau ɗaya, can sau ɗaya.

Da kiɗa ya tsaya, Tasalla ta durƙusa gaban Nomau tana hawaye. "Baba, ka rufa mini asiri. Allah ya rufa naka."

"Tashi, 'yata. Ni fata kawai na buga."

Shi ya sa har wa yau mai rawa ke ba ƙafa ɗaya kaya ya hutar da ɗaya, kuma in ya gama sai ya rusuna wa makaɗi. Ni kam kullum ina sa wa tsohon nan albarka. Da tsallen kwaɗi ake yi har yanzu, da gwiwoyin nan nawa sun kore ni daga fili tun kafin a haifi iyayenku.