Ɗan Damben da Ya Rufe Fuskarsa

Akwai wani mutum manomi, yana da gona ɗaya, da mata, da 'ya'ya ƙanana. Da damina yana noma, in kaka ta yi kuma sai ya naɗe hannun damansa da tsumma da zare, ya bi garuruwa yana dambe.

Damben nasa kuwa ba irin na sauran ba ne. Sauran 'yan dambe sukan tsaya nesa, su miƙa hannun hagu, su jira abokin karawa ya yi sake. Shi ko sai ya duƙa, ya cusa haɓarsa a ƙirji, ya rufe fuskarsa ruf da damtsen hagu, ya kutsa cikin mutum, ba ja da baya. Duk naushin da aka kai masa sai ya sauka a kafaɗa ko a haƙarƙari. Shekara da shekaru fuskarsa ba ta taɓa kumbura ba, ko haƙori ɗaya bai zuba ba. Makaɗa suka yi masa take, suna kiransa mai fuskar ango.

Amma irin wannan dambe jiki yake ci. Duƙawar tana cin gwiwa da ƙugu, cusa kan yana cin wuya, ga mutum yana faɗa a takure, numfashi rabi-rabi. In ya dawo gida matarsa ce take dafa ruwa ta gasa masa haƙarƙari, yana cije leɓe. In ta gama sai ya ce mata, "Kada kowa ya ji."

Wata kaka kawunsa, wanda shi ma ya yi dambe a zamaninsa, ya ga yadda yake tashi daga tabarma yana dafa bango. Ya ce masa, "Ɗana, bana ka zauna. Jikin nan ba naka kaɗai ba ne, da shi ake ci a gidanka."

Ya ce, "Kawu, dubi fuskata. Ka ga alamar wanda aka daka?"

Ranar dambe ya je da niyyar kallo kawai, amma da makaɗa suka hango shi suka saki takensa, sai ya miƙe ya ce a naɗa masa hannu. Wanda ya fito masa wani dogon saurayi ne mai wayo. Bai kai masa naushi ko ɗaya ba. In mutumin ya kutso sai saurayin ya goce, ya ja baya, ya kewaya, shi kuma yana binsa a duƙe, fuska a rufe, numfashi yana ƙarewa. Can sai ƙugunsa ya riƙe, gwiwoyinsa suka sake, ya durƙusa a ƙasa. A dambe kuwa duk wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi. Haka aka kashe shi ba a ko taɓa shi ba.

Daga ranar bayansa bai ƙara miƙewa sosai ba. Ruwa ya sauka, matarsa ta yi shuka ita kaɗai, gero ya fito, ciyawa ta fito tare da shi. Mutumin ya ɗauki fartanya, ya kasa gama kunya ɗaya.

A garin nan kuwa akwai gayya: in mutum ya kasa, sai ya faɗa, maƙwabta su taru su nome masa gona. Matar ta ce, "Maigida, don Allah bari in faɗa wa mutane a yi mana gayya."

Ya ce, "Ni za a yi wa gayya? A ce mai fuskar ango ya kasa noma?"

In maƙwabta sun zo gaishe shi sai ya jingina da bango, ya gyara riga, ya ce, "Lafiya lau, gobe ma zan fita." Su dubi fuskar nan sumul, su yarda, su koma gonakinsu. Sai da ya ji ƙaramar 'yarsa tana kukan yunwa ya ce wa matar, "To, je ki faɗa." Mutane suka zo da fartanyoyinsu, suka tsaya a bakin gona. Ciyawa ta riga ta shanye geron, ba sauran abin da za a ceta. Wani dattijo ya juyo ya ce, "Haba! Me ya hana ka faɗa tun da wuri?" A shekarar nan rumbunsa bai ga hatsi ba, aka rarraba 'ya'yansa a gidajen dangi.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗan damben nan mu ne, 'yan'uwa. Fuskar da ya tsare ita ce sunanmu a idon mutane, haƙarƙarin da aka daka kuma ranmu ne. Mun iya wannan dambe ƙwarai. Ranar Lahadi mu sha wanka, mu cusa haɓa a ƙirji, mu shigo majami'a da "lafiya lau" a baki, alhali aure yana rushewa, ko giya ta kama mutum, ko addu'a ta daɗe da mutuwa a bakinsa. Mugun nan, maƙiyin ranmu, ba ya bukatar ya kai mana naushi. Gocewa kawai yake yi, ya bar girman kanmu ya gajiyar da mu har mu durƙusa.

Ubangiji bai ce mu zo gare shi da fuskar ango ba. Ya kira masu gajiya, ya kuma ba mu juna don mu yi wa juna gayya. Amma ba a nome gonar da mai ita ya ce lafiya take, damina kuma ba ta jiran kowa. Wannan abu yana ci mini rai. Na tsaya a bakin kabarin mutanen da a baya suka riƙe hannuna a ƙofar majami'a, na tambaye su lafiya, suka yi murmushi suka ce ba komai.

Yau ma, in an tashi, zan tsaya a ƙofar nan in tambaye ku.