Nomau da Kabewar da Ta Nemi Rumfa

"Ku matso kusa, ku bar ture-turen nan. To, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wani gari an yi wani manomi, sunansa Nomau. Wajen aiki ba shi da na biyu, amma rowa ta yi masa katutu. Ko gaisuwa a gajarce yake amsawa, wai kada ta kai ga "shigo ka sha ruwa".

Wata rana sai wani falke ya ba shi kyautar wata 'yar kabewa koriya, kamar dunƙulen hannu, irin ta ƙasashen tuddai. Guda ɗaya ce tak. Falke ya ce, "Ba a fasa ta a cire iri, gaba ɗayanta ake binnewa. In ta tsiro ka yi mata rumfa. Kuma ka bar 'ya'yanta su ƙosa, sai ƙosasshe ne ke tsirowa."

Sai daɗi ya kama Nomau. Ya ce a ransa, duk garin nan ni kaɗai zan mallaki irin nan. Sai ya binne ta a gindin darnin bayan gidansa. Ya zuba mata takin awaki, ruwa kuwa safe da yamma. Sai ta tsiro, ta miƙa hannuwa tana laluben abin kamawa.

Sai kabewa ta ce, "Maigida, yi mini rumfa in hau."

Nomau ya ce, "Rumfa? Rumfa ta yi inuwa, inuwa ta jawo masu zama, masu zama su jawo kwanon tuwo? Kwanta a ƙasa kamar 'yan'uwanki."

Ta ce, "Ni ba ta ƙasa ba ce."

Ya ce, "Yau kin zama."

To, a bayan darnin nan akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla. Tana da tsohuwar rumfa wadda iska ta kwashe zanarta, sai dirkoki da sanduna tsirara. A ƙarƙashi ta jera tukwane, ta dasa shukar ado mai jan ganye, dangin tumuku, wadda ba ta son zafin rana. Rana ta gasa ganyen har sun koɗe. Sai Jan-ganye ta leƙo ta kafar darni ta ce, "Baƙuwa, mu ga rumfa ba inuwa, ke ga inuwa ba rumfa. Haura mana."

Sai kabewa ta haura. Da Nomau ya gani, sai ya jawo ta, ya danne kanta da dutse. Sai ta fitar da sabon reshe ta gefe, ta sake haurawa.

Sai ya jawo ta, ya ɗaure ta a turke da igiyar rama. Ta ce, "Maigida, rumfa kawai nake roƙo." Ya ce, "Roƙi Allah." Sai ta bi igiyar, ta hau turken, ta kama darni, ta haura.

Sai Nomau ya ce yanzu zai yi dabarar manya. Ya yini yana saran kara, ya ƙara wa darni tsawo har ya fi kan mutum. Kai, Nomau sarkin wayo! Tsani ya yi mata. Ta hau abinta a natse, ta sauka a kan rumfar Gwaggo, ta baje.

Ya yi tsaki, sannan ya lallashi kansa. Ya ce, "Ba komai. Rumfar wani, 'ya'ya nawa." Sai ya ci gaba da jan ruwa daga rijiya yana ba ta, bayansa na ciwo.

Kafin ka ce me, kabewa ta rufe rumfa ruf. Jan-ganye ta sha inuwa, Gwaggo na tsinke mata kai, sai ta yi ta rassa, ganyenta ya yi jawur. Sai matan unguwa suka mai da wurin mazauni, suna ɓarar gyaɗa suna shewa.

Ran nan da rana tsaka Nomau ya kafa ido a kafar darni. Ya ga 'ya'yan kabewa ƙanana na reto a kan mutane. Ya ga wata mata ta ɗaga kai tana nuna su da yatsa. Sai ya daka tsalle ya ja da baya. Ya ce, "Ruwana! A ƙarƙashin ruwana suke zaune! Gobe kuma kowace ta tsinki iri ta kai gidanta."

Sai ya ɗauko fartanya.

Kabewa ta ce, "Maigida, 'ya'yana ba su ƙosa ba."

Ya ce, "Su ƙosa a tukunyar wa?"

Sai ya sare ta, ya tumɓuke saiwar, ya jefa a murhu. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Kashegari sai ga sallama. Gwaggo Tasalla ce, da ƙwarya a hannu, idonta ya yi ja. A cikin ƙwaryar 'ya'yan kabewa ne, sun yi yaushi, babu ko guda da ya ƙosa.

Ta ce, "Nomau, ɗan nan, na rasa bakin gaya maka. Tun da suka fito nake gadinsu. Na kori awaki, na kori tsuntsu, na hana kowa taɓawa. Na ce na Nomau ne, shi ke shan wahalar ruwa. Jira nake su ƙosa in kawo maka duka. Jiya kawai sai na ga ganye ya langaɓe."

Nomau ya dubi ƙwarya. Falke ya daɗe da wucewa, kuma duk ƙasar babu wani irin.

Ya ce a hankali, "Sare ta aka yi, Gwaggo."

Ta dafe ƙirji. "Sarewa? Wane mara tausayi ne ya yi maka wannan? Allah ya hana shi cin amfanin guminsa! Haba, ɗan nan! Ka ce amin mana."

Nomau ya ce, "Amin, Gwaggo."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Kun dai ji mutumin da ya hana kansa ci don kada wani ya sha inuwa. Ku tashi ku kakkaɓe tabarmar nan.