Kwamfutar da Ba Ta San Ta Makance Ba

Akwai wani mutum, malamin firamare, sunansa Barnaba, wanda yake zaune a wani gari a gindin duwatsu. Shekara shida ya yi yana bin ƙauyukan kan dutse a ranakun hutu, da ƙaramar kyamara a jaka, yana ɗaukar tsofaffi suna rera waƙoƙin yabo da suka shirya da bakinsu a harshensu. Ba wanda ya sa shi. Ya ga dai tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, waƙoƙin kuma suna bin su kabari, abin ya tsaya masa a rai. Duk abin da ya ɗauko sai ya zuba a kwamfutarsa, wata tsohuwar laftof mai tsagaggen murfi.

Cikin waɗanda ya ɗauka har da mahaifinsa, yana zaune a kan kututture a gaban rumbu, yana waƙa yana buga gwiwa da tafin hannu. Daminar da ta wuce tsohon ya rasu. Ba kuwa wani wuri a duniya da wannan bidiyo yake sai cikin kwamfutar nan, gama Barnaba irin mutanen nan ne masu cewa gobe za su kwafe. Kun san su. Wasunsu suna zaune a nan cikinmu.

Da lokacin godiyar kaka ya gabato, fasto ya ce a nuna waƙoƙin a bangon majami'a ranar Lahadi bayan sujada. Barnaba ya tafi wurin mahaifiyarsa ya durƙusa ya ce, "Mama, ranar Lahadi za ki ga Baba yana waƙa." Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da zanen da ba ta ɗaura ba tun ranar jana'iza, ta wanke shi, ta shanya.

Ranar Jumma'a da safe Barnaba yana duba bidiyon a ofishin malamai, sai abokin aikinsa Irmiya ya leƙo. Shi Irmiya ba abin da bai sani ba, a bakinsa. Ya ce hoton ya yi dishi-dishi, in aka haska shi a bango za a sha kunya. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da ke fito da hoto a allo, masu gyara suna ce mata direba. Irmiya ya ce ta Barnaba ta tsufa, shi kuwa yana da sabuwa fil a filash ɗinsa. Barnaba bai tambaya ko an yi ta domin irin kwamfutarsa ba. Yana son fuskar mahaifinsa ta fito tar, shi ke nan. Ya karɓa ya sa. Kwamfuta ta ce a sake kunna ta, ya sake kunnawa. Tambarin kamfani ya fito kamar kullum, ya ɓace, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Ya jira. Ya kashe, ya kunna, ya sake jira har shayinsa ya huce. Ya cire batir ya mayar. Ya hura mata iska ta ramukan gefe. Ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, ya buɗe ido ɗaya ya duba, allo yana nan baƙi.

Irmiya ya ce, "Malam, wannan ta tafi. Fomatin kawai za a yi mata, a share kome a sa sabo."

Barnaba ya ce, "Waƙoƙin fa?"

Irmiya ya ɗaga kai yana kallon rufin ofis, sai ya tuna yana da aji.

Da Barnaba ya koma gida ya ga zanen nan a kan igiya, sai ya kasa cin tuwo. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya, domin ya san da hannunsa ya yi. Mutum goma sha tara a cikin tsofaffin nan sun riga sun rasu, ba kuma za su sake rera masa kome ba.

Kashegari ya naɗe kwamfutar a tawul ya kai ta wurin wata mai gyara kusa da tasha, ana ce mata Maman Sila. Mace ce mai furfura a goshi, da tabarau rataye a wuya, ba ta san gaggawa ba. Ta bar shi ya faɗi labarinsa har ƙarshe. Sa'an nan ta kunna kwamfutar, ta jira allo ya yi baƙi, ta sunkuya ta kara kunnenta a jikinta. Ta danna maɓallin manyan baƙaƙe, wata 'yar fitila ta kama. Ta sake dannawa, fitilar ta mutu.

Ta ce, "Malam Barnaba, wa ya ce maka ta mutu? Ga fanka tana juyawa. Na taɓa ta, ta amsa. Matacce ba ya amsawa. Tana nan a ciki da kayanka duka, idonta ne ya rufe."

Ya ce, "To don me ba ta gyara kanta?"

Ta ce, "Domin ba ta san ta makance ba. Ita a wurinta ta tashi lafiya ƙalau, tana zaune tana jiranka ka fara aiki."

Sai ta kashe ta, ta kunna. Tambari yana fitowa, kwamfuta tana cikin tashi, Maman Sila ta danne maɓallin wuta ta riƙe har ta mutu. Ta sake kunnawa, ta sake katse ta a daidai wurin nan. Barnaba ya miƙe tsaye ya ce, "Haba Maman Sila! Gyara na kawo, za ki ƙarasa ta!"

Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Zauna. Kai jiya kana barinta ta gama tashi, ta ci gaba da ruɗin kanta. Sai ta faɗi tukuna."

Ta kunna a karo na uku, ta katse. Da ta sake kunnawa, tambari ya fito, ya daɗe fiye da dā. Barnaba ya riƙe bakin tebur. Sai ga allo ya haskaka, shuɗi, da rubutu fari a kai, kwamfutar tana cewa ba ta tashi daidai ba, tana tambaya ko za a taimake ta.

Barnaba ya saki baki. Shekara takwas yana tare da wannan kwamfuta, bai taɓa ganin wannan wuri ba. Ya ce, "Wannan daga ina?"

Ta ce, "Tun ranar da aka yi ta yake ciki. Waɗanda suka yi ta sun san wata rana mai ita zai sa mata abin da zai makantar da ita. Sai suka bar ƙaramar ƙofa a baya, da ƙaramin ido wanda ba ya dogara ga abin da kuka sa. Amma ƙofar ba ta buɗewa sai ta kasa tashi sau uku a jere."

Daga nan ta umarci kwamfutar ta tashi da abin da ya zama dole kaɗai, ba ado, ba ƙari. Ta tashi. Allon ya fito da muni, rubutu ƙato-ƙato, ba hoton furanni a baya. Amma a kusurwar allon ga jakar da ya zuba waƙoƙin a ciki tana zaune. Barnaba ya buɗe ta, ya bi sunayen da yatsa tun daga na fari har na ƙarshe. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ya sa bakin tawul ya share ido.

Maman Sila ta ce, "Tsaya, ba ka ga kome ba tukuna." Ta buɗe wani wuri, ta juyo masa da allon. Layi ɗaya ne a rubuce: Jumma'a, ƙarfe goma da minti goma sha huɗu. Ta ce, "Ƙarfe nawa ka sa abin Irmiya?"

Ya ce, "Goma da kwata, ana gama hutun tara."

Ta ce, "To kafin ta karɓi abin da ka ba ta, ta ajiye yadda take tun tana lafiya, domin a sami wurin komawa."

Ya ce, "Ni ban ce ta ajiye ba. Ban ma san ana yi ba."

Ta ce, "Ai da sai ka sani za a ajiye, da yau kuka kake."

Barnaba ya zauna yana kallon layin nan, yana tunani: lokacin da yake miƙa hannu yana karɓar filash, yana murna, bai san zai yi ɓarna ba, an riga an shirya masa hanyar dawowa. Maman Sila ta danna, kwamfuta ta koma wurin nan, ta bar abin Irmiya a baya. Da ta sake tashi, sai ga furanninta. Mai gyaran ba ta bar shi ya fita ba sai da ya kwafe waƙoƙin duka a wuri na biyu, a gabanta, tana tsaye a kansa.

Ranar Lahadi aka haska bangon majami'a. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, kamar yadda Irmiya ya faɗa, ba kuwa wanda ya kula. Tsohon ya fito a kan kututturensa yana buga gwiwa. Mahaifiyar Barnaba ta miƙe cikin zanenta, ba wanda ya ce ta miƙe, ta kama amshi tana ba mijinta har waƙar ta ƙare.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kwamfutar nan kai ne, ni ce, mu ne. Waƙoƙin da ke cikinta su ne abin da Allah ya zuba a cikinka mai daraja, wanda babu irinsa a wani wuri. Abin da Irmiya ya kawo shi ne duk abin da muka karɓa domin mu ƙara haske a idon mutane, ba mu tambaya ko an yi shi dominmu ba: wata shawara, wata abota, wata ɗabi'a da ta shigo a hankali. Ba ya zuwa da mummunar fuska. Yakan zo yana cewa gyara zai yi.

Abin tsoro kuwa shi ne, mutum yakan makance bai sani ba. Yana tashi da safe, yana zuwa sujada, yana ba da baiko, fanka tana juyawa, a ganinsa lafiya lau, alhali masu zama da shi duhu kaɗai suke gani. Irin wannan mutum ba ya neman taimako. Saboda haka wani lokaci Ubangiji yakan katse mu muna cikin tashi. Abin da ka shirya ya rushe, ka sake, ya rushe, ka ce Allah ya juya maka baya. Ban ce kowace wahala haka take ba. Amma in ka faɗi har ka buɗe baki ka ce, "Ya Ubangiji, ban tashi daidai ba," to, a nan ƙofar take buɗewa. Ka shiga ba ado, ba muƙami, ba dogon Turanci. Za ka ga kanka da muni, gaskiya ne. Za ka kuma tarar ba abin da ya ɓata.

Wataƙila akwai wanda ya riga ya ce maka ka tafi, sai dai a share. Wataƙila kai ne kake faɗa wa kanka haka. Wanda ya yi ka bai faɗa ba. Ya kara kunne, ya ji kana nan.

Ni abin da yake sa ni rawar jiki shi ne layin nan guda. Mutane ne fa, masu mantuwa irinmu, suka yi tunanin ajiye wa Barnaba wurin komawa minti ɗaya kafin kuskurensa. To, ina ga Mahaliccinmu? Namu wurin komawar ma ranar Jumma'a aka ajiye shi, a kan gicciye, tun ba a haifi kakan kakanka ba. Ba ka roƙa ba, ba ka ma san ana yi ba. Yana nan da sunanka a kai. Ka koma.