Kurege da Tsohuwar Jif ɗin Kura

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

Wata shekara yunwa ta sa Kurege a gaba, har gashin wutsiyarsa ya fara zuba. Ga kuma gyaɗa buhu-buhu a gonar Gadu, can ƙetaren rafi, an rasa mai kai ta kasuwa. Ruwan rafin ya ƙafe, amma babu motar da ke iya ratsa yashinsa sai tsohuwar jif ɗin Kura, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta gada daga mijinta. Kurege kuwa iyakar saninsa da tuƙi shi ne kallon direbobi a tasha. Duk da haka ya bugi ƙirji ya ce, "Ni Kurege, uban dabara! Mota tawa ce, gyaɗa ma tawa ce."

Da gari ya waye ya shafe jikinsa da baƙin mai, ya rataya sifana, ya yi sallama a gidan Kura.

"Gwaggo, bakanike ne ni daga birni. Duba mota kyauta nake yi, don lada."

Ya leƙa ciki, ya ga sandar giya doguwa, da wata 'yar gajera a gefenta. Bai san amfanin gajerar ba, amma ya dafe kai.

"Subhanallahi! Sanda biyu? Ai wannan ƙaramar tsiro ne, ciwo ne ya fito mata!"

Kura ta ce, "Amma marigayi da ita yake..."

"Gwaggo, ni za ki koya wa mota?" Ya kwance sandar, ya ce, "Ciwon ya riga ya shiga inji. Ki rabu da ita tun tana numfashi." A hanyarsa ta komawa ya jefa sandar a rijiya, yana ta ƙyaƙyata dariya.

Da gari ya waye ya dawo da tsumma a ka da guduma a kafaɗa, wai shi ɗan gwangwan ne. Ya ƙwanƙwasa ƙofar motar ya ce, "Farfasa ta za mu yi mu auna."

"Albarka!" in ji Kura, tana share hawaye. "Motar marigayi ba za ta sha guduma ba."

Da gari ya sake wayewa sai ga shi da fuskarsa ta gaskiya, cikin babbar rigar aro, ɗauke da faifai cike da kilishi. Kilishin kuwa tsohuwar fatar ganga ce ya shafe da yaji da ƙuli.

"Gwaggo, na ji abin da ya samu motarki. Ki ba ni ita, in yi jinyarta kamar uwata."

Kura ta shaƙi ƙamshin yaji, miyau ya zubo, ta ce ta sallama.

Kurege ya kifa turmi a kan kujera ya hau, ya ɗaura taɓare a ƙafa don ya taki totur. Da kyar da gyatsa motar ta tashi, ya zagaya ta doguwar hanyar tudu, wadda mota mai kaya ba ta iya bi, har gonar Gadu.

Ya ce wa Gadu, "Kawu, a loda! Kai ka bi ta ƙafa, mu haɗu a kasuwa. Ni yashi gaisuwa yake kawo mini."

Niyyarsa in ya haye rafi ya karkata kan mota sai raminsa. Da aka gama loda gyaɗa, ya shiga yashi da gudu yana waƙa. A tsakiyar rafi motar ta yi tari ta tsaya. Ya taka, ya ƙara takawa, ƙafafun baya suna ta haƙa wa kansu rami, na gaba ko motsi, har yashi ya kai ƙofa.

Gadu bai yi nisa ba, ya jiyo kukan inji ya dawo. Kura ma ta iso tana dafe da muƙamuƙi, don tun safe take fama da kilishin da ya ƙi taunuwa.

Gadu ya leƙa ciki ya ce, "Ja ƙaramar sandar mana, ita ke sa ƙafafun gaba su ja. Ina take?"

Kura ta ce, "Wani bakanike ne ya cire."

"Bakanike? Wannan jaki ne! Ko riƙe sifana bai iya ba."

To, Kurege na iya jure yunwa, amma ba ya iya jure raini. Ya miƙe tsaye a kan turmi ya daka tsawa: "Wa ne bai iya ba? Juyi uku na yi mata ta fita, ko gumi ban yi ba!"

Kura ta zaro guntun fata daga bakinta, ta dube shi, ta dubi Kurege.

Gadu ya ɗauke shi da haure ya cilla sama, Kura ta tare shi da mari kafin ya sauka. Kurege ya kwance taɓaren ya ranta a na kare, da ƙulu a goshi da ƙwayar gyaɗa ɗaya tak a kumatu. Sai da ya hau tudu sannan ya waiwayo ya ce, "Ku riƙe tsiyarku! Dama motar ce ba ta dace da babban direba ba!"

Ya tauna gyaɗarsa, ya gangara yana ɗingishi, yana tambayar duk wanda ya gamu da shi ko ya san mai sayar da tsohon kwalekwale.

Nan ta ƙare, kan ɓera ne ba nawa ba.