Rijiyoyin Dokta Sabi'u

An yi wani mutum, jama'a, kuma ba a zamanin kakanni ba, a wannan zamanin namu na waya da intanet. Sunansa Malam Tukur, yana koyar da kimiyyar muhalli a wata kwaleji. Ba zan faɗi garin ba, domin na ga wasunku har sun fara lissafin wanda suka sani.

Wannan bawan Allah sai ya sa ɗalibansa yin rubutu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutawa, kowa ke iya gyarawa. Wannan ya rubuta kan kwararowar hamada, wancan kan sare itatuwa. Shi kuwa yana zaune a tsakiyarsu yana maimaita abu ɗaya: "Duk maganar da ka rubuta, faɗi inda ka samo ta." Ofishinsa kullum cike, takalma har bakin baranda.

To, bango ɗaya ne tsakaninsa da Dokta Sabi'u. Dokta ya fi shi digiri, ya fi shi shekaru, ya fi shi mota. Amma ƙofarsa ba takalmi ko ɗaya. Shekara ashirin da suka wuce ya yi bincike kan rijiyoyin garin, aka buga a wata mujalla, ba wanda ya sake waiwayar aikin. Duk dariyar da aka yi a ofishin Malam Tukur, a ƙirjin Dokta take sauka. Hassada ce, jama'a, kada mu sa mata wani suna.

Ku saurara. Akwai wata ɗaliba, Lantana, da ta rubuta kan yadda ruwan majema ke gurɓata rijiyoyin unguwarsu. Makinta na ƙarshen zango a kan wannan rubutu yake, in ya tafi sai ta maimaita shekara. Dokta ya shiga kundin da sunan bogi, ya nemi a goge rubutun, wai ba shi da madogara. Aka ba da kwana bakwai: a kawo hujja ko a share.

Sai dai mai hassada ba ya iya ɓoye murnarsa. A ɗakin malamai ya riƙa tambaya, "Ya labarin rubutun yarinyar nan?" tun kafin kowa ya ji. Magana ta kai kunnen ɗalibai.

Lantana ta zo tana kuka. "Malam, shi ne. Wallahi shi ne. Mu kai ƙararsa wurin shugaban kwaleji."

Malam Tukur ya ce, "Zauna tukuna. Abin da ya faɗa, ƙarya ne?"

Ta ce, "Da idona na ga ruwan, Malam. Har wari yake."

"Na yarda. Amma mai karatu a wata ƙasa bai ga abin da idonki ya gani ba. Wa ya taɓa auna ruwan?"

Mutum ɗaya ne ya taɓa aunawa, kun san shi. Malam Tukur ya yi sallama a ofishinsa ya ce, "Dokta, aron aikinka na rijiyoyi nake nema." Dokta ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Ya ɓata."

Ni da ku da mun yi fushi a nan. Shi kuwa ya shiga motar haya, tafiyar awa huɗu, har laburaren jami'ar da aka buga mujallar. Ya kwafo aikin, ya zauna da Lantana suka bi shi shafi bayan shafi.

Rana ta bakwai Dokta ya buɗe kundin don ya ga an share. Ya tarar rubutun na nan daram. Ya duba ƙasa, wurin da ake jera madogara, sai ya ga sunansa. Sau shida, jama'a. Shekara ashirin ba wanda ya ambaci aikin nan, sai mutumin da yake wa baƙin ciki.

Ya tsallake takalman nan, ya tsaya a ƙofar Malam Tukur. "Malam Tukur, ni ne na nemi a goge."

"Na sani, Dokta. Shigo. Jadawalin shafi na arba'in bai fito sosai a kwafin ba, kai kaɗai za ka iya karanta mana."

Malam Tukur ya miƙe ya ba shi kujerarsa.

To, ku duba kanku. Kai mai shago da ke ƙirga masu shiga shagon maƙwabcinka, ke da ba kya iya cin abinci in an yabi ɗan wata, me kuka ƙaru da shi? Hassada takan sa mutum ya ɗaga hannu zai rushe gini, bai san sunansa na jikin bangon ba. Wanda kuma ake wa hassadar, kada ka rama. Nemo alherin da ke wurin mai ƙinka, ka faɗe shi a gaban mutane, ko da sai ka yi tafiyar awa huɗu. Allah Ya wanke mana zukatanmu, Ya fara da tawa.